La Koruna, Garin da Na Ga Ana Girmama Mai Gyara

La Koruna tana can ƙuryar arewa maso yammacin Sifaniya, a yankin Galisiya, a kan wani tsirin ƙasa da ya kutsa cikin Tekun Atilantika. Mutanen garin suna kiranta A Coruña da harshensu na Galisiyanci. Masoya ƙwallo a wajenmu sun san sunan tun da daɗewa, domin nan ne gidan Deportivo, kulob ɗin da ya cinye La Liga a 2000, kuma filinsu na Riazor yana dab da bakin ruwa, har iskar teku tana shiga cikinsa. Ni kuwa taro ne ya kai ni. A ranakun 17 zuwa 19 ga Oktoban 2023 aka yi taron shekara-shekara na masu rubuta direbobin katin hoto na Linux, wanda ake kira XDC, a zauren Palexco da ke bakin tashar jiragen ruwa. Shiga kyauta ne, rajista kawai ake yi.

Abin da ya fara ba ni mamaki a garin shi ne jinkirin gari wajen wayewa. Agogonsu ɗaya ne da na Madrid da Balin, alhali sun fi su yamma nesa ba kusa ba, saboda haka a tsakiyar Oktoba rana ba ta fitowa sai wajen ƙarfe tara saura. Mutum ya yi asuba, ya yi karatu, ya karya, ya fito titi, har yanzu fitilu na ci. Ruwan sama kuma ba ya sallama, yayyafi ne iri mai naci da iska a bayansa. Wannan yanayin ne ya sa gidajen da ke fuskantar tashar jirage suka rufe barandarsu da gilashi cikin fararen katakai tun daga hawa na farko har sama, layi guda mai tsawo, in rana ta ɗan leƙo sai duk jerin ya ɗauki walƙiya. Batun abinci bai wahalar da ni ba duk da yawan naman alade a shaguna, domin gari ne na masunta. Kifi ko'ina, ga wainar ƙwai da dankali, ga dorinar ruwa da suke dafawa su yanka a kan farantin katako su barbaɗa mata jan barkono da man zaitun. Sai dai abincin dare ba ya sauka kafin ƙarfe tara, kuma ba mai gaggawa.

Duk wanda ya taɓa kai kwamfuta wajen mai gyara ya ji ana cewa “ba a sa mata direba ba”, wato hoton ya yi ɓaro-ɓaro ko bidiyo yana tsalle. Direban katin hoto shi ne manhajar da ke tsakanin shirye-shiryen kwamfuta da ƙarfen da ke zana hoto a allo. Wasa ko burauza za su faɗi abin da suke so ta ƙa'idojin da kowa ya yarda da su, OpenGL ko Vulkan, shi kuma direba ya mayar da buƙatar zuwa umarnin da wannan katin kaɗai yake ganewa. A Linux aikin kashi biyu ne. Akwai ɓangaren da ke cikin zuciyar tsarin, wato kanel, mai kula da rabon ma'ajiya da kunna allo, akwai kuma babban rumbun da ake kira Mesa, wanda Brian Paul ya fara a 1993, inda direbobin Intel da AMD da Qualcomm da Broadcom da Arm da sauransu suke zaune a ƙarƙashin rufi ɗaya. Buɗaɗɗiyar manhaja ce, kowa na iya karanta kod ɗinta, ya gyara, ya aika da facinsa a duba.

Masu masaukin baƙi su ne Igalia, kamfanin da aka kafa a garin a 2001, kuma su ne suka karɓi taron a 2018 ma. Kamfani ne mallakar ma'aikatansa, manyan shawarwari a taron majalisarsu ake yankewa. Su ne suka rubuta direban Vulkan na ƙaramar kwamfutar nan Raspberry Pi 4, wanda ya ci jarrabawar ƙungiyar Khronos, mai kula da ƙa'idar Vulkan, a 2020, kuma suna da hannu dumu-dumu a direban katin Adreno na wayoyi. Na so yadda suka riƙe taron ba tare da wani kwarakwasa ba. Babu babban teburi, babu jerin gaisuwar manyan baƙi. Mai jawabi ya hau ya jona kwamfutarsa, ya shiga magana.

Sabbin abubuwa sun samu rabonsu na tafi, kuma sun cancanta. NVK, sabon direban Vulkan na katunan NVIDIA da Faith Ekstrand ta kamfanin Collabora ke jagoranta, bai daɗe da shiga Mesa ba a lokacin. Ƙungiyar Asahi, wadda Alyssa Rosenzweig ke cikinta a wancan lokacin, ta riga ta sa katin kwamfutocin Apple M1 ya ci jarrabawar OpenGL ES 3.1 a watan Agustan shekarar, ba tare da Apple ya ba su takarda ko ɗaya ta bayanin katin ba. Melissa Wen ta Igalia ta yi bayani a kan sarrafa launi a direban AMD domin na'urar wasa ta Steam Deck. Amma abin da ya zauna mini a rai ba a nan yake ba. A zauren da kuma wajen shan shayi na lura da irin mutanen da ake saurara wa da kyau idan sun buɗe baki: waɗanda suka shafe shekaru suna kwance tsohon kod suna sake ɗaure shi, suna goge abin da ya maimaitu, suna tattara aikin direbobi biyar ya koma wuri ɗaya. A wajen waɗannan mutane, facin da ya goge layi dubu ba tare da wani abu ya lalace ba abin alfahari ne fiye da wanda ya ƙara layi dubu.

Sai da na bi tarihin Mesa na gane dalili. A da kowane direba da nasa tsarin, kowa yana sake rubuta abin da maƙwabcinsa ya riga ya rubuta, kuskure ɗaya sai a gyara shi a wuri shida. Wajen 2008 kamfanin Tungsten Graphics ya kawo tsarin Gallium, wanda ya ware aikin da ya shafi kowa ya ajiye a tsakiya, ya bar wa kowane direba abin da ya keɓanta da katinsa kawai. Sababbin direbobi suka bi wannan hanya, tsofaffin kuma, musamman babban direban Intel mai suna i965, suka ci gaba a tsohon tsari. Fiye da shekara goma Mesa tana ɗauke da gida biyu. Duk wanda zai taɓa wani abu a tsakiya dole ya yi tunanin ɓangarorin biyu, kuma wannan nauyi ne da ba ya bayyana ga mai amfani, masu kula kaɗai suke jin sa a wuya.

Yadda suka sauke wannan kaya shi ne ya fi burge ni. Ba su tashi rana ɗaya suka ce wanda katinsa ya tsufa ya sayi sabo ba. Da farko Kenneth Graunke na Intel ya rubuta sabon direba a kan Gallium, mai suna Iris, domin katunan Broadwell zuwa sama, ya zama shi ne na dindindin a Mesa 20.0 a 2020. Saura tsofaffin, daga 965 na 2006 zuwa Haswell na 2013. Sai Dave Airlie na Red Hat ya ɗauki Iris ya sassaƙa shi ya fitar da Crocus a 2021 domin su. Sai da wannan ya tsaya da ƙafarsa sannan aka goge tsofaffin direbobin daga babban reshe, dubun-dubatar layuka, a Mesa 22.0 da ta fito a farkon 2022. Waɗanda ba su samu magaji ba, irin su Radeon R100 da R200 na farkon shekarun 2000, aka ajiye su a wani reshe na daban mai suna Amber, wanda ba a ƙara masa sabon abu amma mai buƙata zai iya ɗauka. An yi asara, babu shakka, domin reshen da ba a taɓawa a hankali yake bushewa. Amma a ganina an yi adalci gwargwadon iko: sai da aka gina wa mafi yawan mutane wurin komawa kafin a rushe inda suke.

Nan ne maganar ta iso gida. Kwamfutocin gwanjo da suka cika kasuwanninmu, ThinkPad T420 da HP EliteBook 8470p da ire-irensu, masu Intel HD 3000 da HD 4000 na 2011 da 2012, su ne daidai waɗanda Crocus ke tuƙawa. Ɗalibin da ke rubuta kundin digirinsa a kan irin wannan kwamfuta a Zariya ko Maraɗi, in ya sa mata Linux, aikin wani mutum ne a Birisben ta Ostireliya, wato Dave Airlie, yake sa allonsa motsi, kuma ba a karɓi ko sisinsa ba. Windows 11 ba ta karɓar waɗannan na'urori a hukumance. Ina zaune a zauren ina tunanin ko su kansu masu aikin sun san yawan mutanen da ke cin moriyarsu a wuraren da ba su taɓa jin sunansu ba.

Akwai garambawul na biyu da ya fi wannan zurfi, na ɓangaren da ke fassara ƙananan shirye-shiryen zane zuwa harshen kati. A 2014 wani matashi, Connor Abbott, yana ɗalibin sakandare da ya je koyon aiki a Intel, ya tsara sabuwar hanyar wakiltar waɗannan shirye-shirye mai suna NIR. Ta shiga Mesa a 2015, kuma a hankali direba bayan direba suka koma kanta. Amfanin a fili yake: dabara ɗaya ta ƙara sauri in an rubuta ta a NIR, kowa ya samu. Emma Anholt ta ɗauki wahalar sauya ragowar tsofaffin direbobi har aka samu damar goge tsohuwar hanyar a 2022. Abin daɗi, direban r300 na katunan zamanin Radeon 9700 na 2002 ya samu ƙarin inganci ta dalilin wannan aiki, shekara ashirin bayan fitowar katin, lokacin da kamfanin da ya ƙera shi ma ya daɗe da narkewa cikin AMD.

A wajen shan shayi na tambayi wani injiniya mai furfura a gemu, wanda ya ce mini aikinsa kula da na'urorin gwaji ne, yadda suke iya taɓa tsakiyar abu mai girma haka ba su karya na wani ba. Ya ce in matso, ya buɗe kwamfutarsa ya nuna mini wani faci da ke jiran shiga. Da farko wani ya karanta shi layi-layi ya bar tambayoyi a gefe, mai facin ya amsa, ya sake aikowa. Da aka gamsu, ba mutum ne ya shigar da shi ba. An miƙa shi ga wata manhaja da suke kira Marge Bot, ita kuma ta ɗora shi a kan sabon kod, ta aika shi ɗakunan gwaji da ke ƙasashe daban-daban, inda allunan Raspberry Pi da kwamfutocin Chromebook da katunan AMD suke jere a kan kanta, kowanne da wayarsa ta kunnawa da kashewa daga nesa. Kowace na'ura ta tashi, ta gudanar da dubban gwaje-gwaje, wasu ma ta zana hoton wani wasa a gwada shi da wanda aka ajiye. A allonsa na ga jerin ɗigo kore, sai ɗaya ja a can ƙasa. Ya danna jan, ya nuna mini: facin na direban wani kamfani ne, amma ya ɓata gwaji a katin wani kamfanin daban. Ba zai shiga ba sai an gyara, ko mai shi wane ne.

In kuma matsala ta kuɓuce ta isa ga jama'a, suna da dabarar farautarta. Mai ƙorafi zai ce a sigar wata uku da suka wuce lafiya lau, a ta yau allo yana ƙyaftawa. Tsakanin biyun akwai faci dubu. Sai a gwada na tsakiya, a ga ko matsalar tana gabansa ko bayansa, a sake raba rabin biyu, a haka gwaji goma ya isa a kama facin da ya jawo ta. Wannan ne ya sa suke dagewa kowane faci ya zama ƙarami, ya yi abu ɗaya tak, kuma a rubuta dalilinsa a sama. Wanda ya cakuɗa sake fasali da sabon aiki a faci ɗaya za a mayar masa ya raba.

Wannan tsauri bai bar manya ba. A Disambar 2016 AMD ta kawo sabon kod na sarrafa allo, kusan layi dubu ɗari, tana so a shigar da shi kanel. Dave Airlie, wanda shi ne mai kula da ɓangaren hoto na kanel ɗin, ya ƙi. Hujjarsa ita ce an gina kod ɗin da wani shimfiɗi na musamman domin ya yi aiki a tsare-tsare daban-daban, maimakon ya yi amfani da kayan da sauran direbobin Linux suke tarayya a kai, kuma in aka karɓa, babu wanda zai iya gyara tsakiya ba tare da ya yi karo da shi ba. Masu sababbin katuna sun ji haushi, domin su ne suka yi ta jira. Injiniyoyin AMD suka koma suka shafe kusan shekara suna rage shi suna daidaita shi, ya shiga a Linux 4.15 a farkon 2018. A La Koruna na ga ma'aikatan AMD da na Intel da na Valve da na Red Hat a teburi ɗaya suna gardama a kan tsarin da dukkansu za su yi amfani da shi, kamfanoninsu kuwa abokan hamayya ne a kasuwa.

Ba komai ne mai daɗi ba a wannan sana'a, kuma su ma ba su ɓoye ba. Direban nouveau na katunan NVIDIA ya faro ne da bin diddigin yadda katin ke aiki ba tare da takardun kamfani ba, kuma tun daga katunan GTX 900 na 2014, da aka fara buƙatar manhajar cikin kati mai sa hannun kamfani, ya kasa ɗaga saurin katin zuwa ƙarfinsa. Shekara da shekaru nauyin ɓangaren kanel ɗinsa yana wuyan mutum ɗaya, Ben Skeggs, wanda ya sauka daga kujerar a watan Satumban 2023, makonni kaɗan kafin taron. Kafin ya tafi ya bar aikin da ya ba nouveau damar amfani da sabuwar manhajar cikin kati ta GSP, wanda ya shiga Linux 6.7, kuma a kansa ne NVK ta samu ƙarfin gudu. Na ji an yi ta maganar ƙarancin masu bita da gajiyar masu kula. Rubuta sabon abu yana da masu so, karanta na wani kuwa ba kowa ke juriya ba. Wannan matsala ce ta gaske, kuma ban ga alamar an gama da ita ba.

Da aka tashi wata rana da yamma na bi titin bakin teku mai jajayen sandunan fitila har zuwa Hasumiyar Harkulis. Romawa suka gina ta a ƙarshen ƙarni na ɗaya domin haska wa jiragen ruwa hanya, kuma har yau aikin da take yi ke nan. Tsawonta mita 55. Zuwa ƙarshen ƙarni na 18 ta riga ta lalace ƙwarai, mutane sun kwashe duwatsun jikinta sun yi gini da su. Injiniyan da aka ba aikin gyaranta, Eustaquio Giannini, bai rushe ta ba. Ya lulluɓe ginin Romawan mai mita 34 da sabon dutse, ya ɗora mita 21 a sama, ya kuma bar wani zirin dutse da ke zagaye jikinta a karkace domin nuna inda tsohuwar hanyar hawa take. In ka shiga ta ƙasa za ka bi ta cikin harsashin asali, ka taɓa duwatsun da hannunka, ka ga inda tsoho ya tsaya sabo ya ɗora. UNESCO ta sa ta cikin kayan tarihin duniya a 2009. Na tsaya a gindinta iska na neman ƙwace mini hula, na ga cewa garin da ya iya riƙe fitila ɗaya kusan shekara dubu biyu ya dace da taron mutanen da na baro a zaure.

Abin da nake so ƙannenmu masu koyon rubuta manhaja su ji shi ne ƙofar nan a buɗe take, kuma ba ta sabon gini ake shiga ba. Yawancin waɗanda na gani da gyaran ƙananan abubuwa suka fara. Jawaban taron duk an ɗauke su a bidiyo suna intanet kyauta, kod ɗin Mesa yana rumbun freedesktop.org, sabuwar siga tana fitowa duk wata uku, kuma Gidauniyar X.Org, uwar taron XDC, ta sha ɗaukar ɗalibai ta shirin Google Summer of Code. Muna kuma da abin da su suke nema: tsofaffin na'urorin da ba su cika samuwa a ɗakunan gwajinsu ba suna nan birjik a shagunanmu da ɗakunan ɗalibanmu. Idan kana da irin wannan kwamfuta, sa mata Linux. In hoto ya ɓaci bayan sabuntawa, kada ka tsaya a tsaki. Rubuta sunan katin, da sigar Mesa da ta kanel, da sigar ƙarshe da ta yi maka aiki, ka ɗauki hoton allon, ka aika musu rahoto, sannan ka dawo ka amsa tambayoyin da za su yi maka.